Shin littattafan fiƙihu za su ba mu tarihin unguwannin Bauchi da Gombe?

Ɗan_Jahun:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Tarihin Bauchi da muke da shi a rubuce kusan duk na sarakuna ne da yaƙi: Malam Yakubu ya karɓo tuta, ya kafa gari wajen 1809, ya ja ganuwa, ya rasu 1845, aka yi ta gado har Turawa suka shigo 1902. Gombe ma haka, daga Buba Yero a Gombe Abba, sai Nafada, sai Doma, inda Gomben yau take. To ina labarin lungu? Wa ya yanke faɗin hanya, me ya sa marina da majema suke inda suke, nawa ne sadaki a zamanin wuri, me talaka ke bari in ya mutu? A ganina amsar na cikin littattafan fiƙihu da fatawoyi da rajistar kotun alƙali. Wanda ya san yadda ake tatso tarihi daga irin waɗannan ya yi mana bayani dalla-dalla. Wanda yake ganin ba za ta yiwu ba ya kawo dalili.

AbuHafsa_Bolari:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Jahun, ka haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Dubi littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu: Risala a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya aka rubuta ta, mai ita ya rasu 386 bayan Hijira. Muhtasar na Halilu a Masar, ƙarni na 14 na Miladiyya. Tuhufa ta Ibnu Asim a Garnaɗa ta Andalus. A cikinsu akwai hukuncin gidan wanka na haya, da zakkar zaitun, da benen da sama na wani ƙasa na wani. Wanne daga ciki ka taɓa ji a cikin ganuwar Bauchi? In ka ɗauko babin maƙwabtaka ka ce haka garinmu yake, tarihin Ƙairawan ka rubuta ka liƙa masa sunan unguwar Jahun ta Bauchi.

Modibbo_Nafada:
Maganar AbuHafsa gaskiya ce, amma a kan matani ta tsaya. Abin da muke kira fiƙihu ba abu ɗaya ba ne. Matani, irin waɗanda ya lissafa, suna gaya maka abin da alƙali ya karanta a zaure kafin a naɗa shi, ba abin da ya faru a gari ba. Akwai nawazil, wato tambayar da wani ya aiko kan abin da ya auku, malami ya amsa. Akwai kuma rajistar shari'a, inda aka rubuta wane ya yi ƙarar wane ran kaza. Mai neman tarihi daga rajista yake farawa, ya koma nawazil, matani kuma ya ajiye shi kusa da hannu don ya gane harshen da alƙali ke magana da shi.

A nawazil kuwa tambaya ta fi amsa amfani. Amsa yawanci naƙali ce, Maliku ya ce, Ibnul Ƙasim ya ce, za ka same ta a littafi goma. Tambayar ce ba ta da na biyu, don a cikinta ake faɗin sunan gari, irin kuɗin da aka biya, sana'ar masu rikicin, da al'adar da ta sa aka ruɗe. Da haka masana suka fitar da tarihin kasuwanni da rabon ruwan noma da waƙafin Fas da Andalus daga Mi'iyar na Wansharisi, wanda ya rasu 914 Hijira, 1508 ke nan. An buga shi mujalladi 12 ban da fihirisa. Mu ma muna da namu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amsa tambayoyin Yakubun Bauchi a cikin Alƙaulul Mauhub, ya kuma yi masa wasiyya a Algaisus Shu'ubub. Aikin farko ga ɗalibin Bauchi shi ne ya samo kwafi, ya ware tambayoyin Yakubu a takarda daban kafin ya kalli amsa ko ɗaya. Duk abin da sarki ya ga ya kai a ɗaura wa manzo a tura Sakkwato, shi ne abin da ya hana fada barci a lokacin.

Maginin_Kobi:
Allah ya gafarta Modibbo, bari in shigo ta ɓangaren gini, don matanin ma bai kamata a yar da shi ba. Ƙa'idojin da suka shafi tsarin unguwa kaɗan ne, kuma ana iya gwada su a ƙasa da tef. Hadisi ya ce in an yi saɓani kan hanya a bar kamu 7, wajen mita 3 da rabi ke nan. Risala ta hana buɗe taga ta kusa da za ta tona gidan maƙwabci, ta hana buɗe ƙofa daura da tasa, ta hana haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinka ne. Katangar da ake ja a kanta ana ba wanda ɗaurin ginin ya shiga cikin nasa. Taga ma tana da awo: a sa gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya miƙe tsaye, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Ga Sayyidina Umar ake jingina wannan.

Yadda za ka gwada: zaɓi lungu ɗaya a tsohuwar unguwa, ka auna faɗinsa duk bayan mita 10, daga gindin katanga zuwa gindin katanga, ba daga bakin dakali ba. Ka rubuta ko lungun ya ɓulle ko bai ɓulle ba, don wanda bai ɓulle ba kamar mallakar mutanen cikinsa ne gaba ɗaya. Ka zana inda kowane zaure ya buɗe baki, ka ga ko ƙofofi na kallon juna ko an goce. Ka bi indararo da rariya ka ga inda ruwan kowane gida ke zuba har ya kai kududdufi, ka kuma auna tazarar salga da katangar maƙwabci da rijiya.

Abin da ke ɓata awo shi ne bulo. Katangar ƙasa gindinta da kauri, tana sirancewa tana hawa. In aka rushe ta aka ɗora bulo mai inci 6 ko 9, layin ya motsa, wani ya ci hanya, wani ya ja baya. Awonka na yau ba na ƙarni na 19 ba ne sai a inda tubali da azara suke nan ba a taɓa ba.

Alaramma_Ilelah:
Ƙaramin gyara ga Malam Magini. Risala ta faɗi maganar ƙofa a dunƙule, amma Halilu ya rarrabe. A hanyar da ta ɓulle mutum na iya buɗe ƙofarsa ko da ta kalli ta maƙwabci, don dama masu wucewa na gani. A lungun da bai ɓulle ba ne ake cewa sai an goce. Saboda haka in ka ga zaure biyu na kallon juna a babbar hanya, kar ka rubuta cewa mutanen unguwar sun saɓa wa fiƙihu. Alƙalin da ya sauke Muhtasar ba zai toshe ta ba.

AbuHafsa_Bolari:
To ko an auna an samu kamu 7 cif, me ya nuna? Jaki da kaya biyu a gefe shi ma irin faɗin da yake nema ke nan. Goce ƙofa kuma kunya ce ta mutanenmu, magini zai yi ko bai taɓa jin sunan Halilu ba. Dacewar gini da hukunci ba ta tabbatar da cewa hukuncin ne ya gina shi. Ku kawo shari'a ɗaya tak da aka ce wane ya toshe tagarsa da umarnin alƙali, sannan in yarda.

Maginin_Kobi:
Wannan sharaɗin daidai ne. A Tunis sun yi sa'a, Ibnur Rami magini ne a ƙarni na 14, alƙalai ke tura shi ya duba katanga da magudana, ya rubuta abin da ya gani da yadda aka yanke. A wajenmu wanda ake turawa Sarkin Magina ne ko mai unguwa, su kuma da baki suke kawo bayani. Sai dai a nemi sawunsu a rajista, inda magatakarda ya rubuta cewa an aika masana sun duba. Wani wurin gwaji kuma shi ne bambancin tsohuwar cuta da sabuwa: marina ko maƙera da ta riga gidaje ba a tashinta, wadda aka kafa bayan gidaje ana iya hanawa. In ka ga karofi a tsakiyar unguwa, zato mafi ƙarfi garin ne ya taras da shi.

Barista_Herwagana:
Tunda an zo kan rajista, ga abin da mai dubawa zai kiyaye. Ka fara sanin kotun da kake riƙe da littafinta. Turawa sun kasa kotunan gargajiya daraja-daraja, daga A zuwa D, kowace da iyakar kuɗin da za ta saurara da horon da za ta yanke. In ka ga littafin alƙalin gunduma cike da bashin sule biyar da rigimar akuya, ba talaucin garin ba ne, manyan ƙararraki sun wuce gaba. Sannan rikicin gida da gona sau da yawa majalisar sarki ke yinsa, don ana ɗaukar ƙasa a sha'anin mulki. Bayanan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, da aka fassara aka buga, sun nuna haka ƙarara. Wanda ya duba littafin alƙali kaɗai zai fito ya ce a da ba a rigimar fili. Akwai kuma shekarun da suka raba zamani: 1960 dokar final kod (Penal Code) ta karɓe laifuffuka, wajen 1968 kotuna suka fita hannun En'e, 1978 dokar mallakar ƙasa ta shigo. Kar ka jera lissafin kafin da na bayan waɗannan a layi ɗaya.

Shari'ar da ta fi kowace ba da tarihin gari ita ce ta hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewar riƙo. Wanda ya riƙe gida shekara 10 yana rushewa yana ginawa, mai da'awa na gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, ba a sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi sai an haura shekara 40. Don a cika wannan sharaɗi dole shaidu su ƙirga shekaru, kuma ba da kalanda suke ƙirgawa ba, da sarautar wane ne, da shekarar fara, da zuwan jirgin ƙasa. Dole su faɗi wa ya fara saran wurin, wa ya ba shi, gabas iyaka da wa, yamma da wa. Shari'a ɗaya sai ta ba ka maƙwabta huɗu da masu fili uku a jere. Ka samu 30 daga unguwa ɗaya ka haɗa iyakokinsu, taswira ta fito. Shuf'a kuma, wato haƙƙin karɓe rabon da aka sayar wa bare a biya kuɗinsa, a Malikiyya ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da ita, saɓanin Hanafiyya. Duk inda ka gan ta, gidan gado ne da ba a yanka ba tukuna.

Ɗan_Tirwun:
Barista, don Allah wanda aka ba aron gida ya yi shekara 15 a ciki fa, ya zama nasa ke nan?

Barista_Herwagana:
A'a. Aro da haya da jingina ba sa zama hauzi ko an shekara nawa, muddin an tabbatar da asalin shigar. In magana ce a ƙasa a je kotu da shaidu, nan tarihi muke yi. Amma tambayar ta tuna mana wani tarko: a rajista kowane ɓangare labarin da zai ci masa shari'a yake bayarwa. Wannan ya ce kyauta, wancan ya ce aro. Abin da suka haɗu a kai ba tare da gardama ba, kamar sunan unguwa da iyaka, shi ya fi aminci.

Malama_Jekadafari:
Malamai duk kun tafi kan katanga, alhali mafi yawan shafukan littafin alƙali aure ne da gado, kuma nan ne kaɗai za ku ji mace ta yi magana da bakinta. A shari'ar hul'i, inda mace ke biya don a sake ta, ana lissafa abin da miji ya kashe da abin da za a mayar, sadaki daban, sauran kayan al'ada daban, alƙali ya ware wanda ake mayarwa. Wannan jerin shi ne tarihin aurenmu. A shari'ar ciyarwa ana yanka mudu nawa na hatsi, kuɗin cefane nawa, tufa sau nawa.

Ku duba kuma shari'ar mijin da ya ɓace. Ƙa'idar mafƙudi shekara 4 ce daga ranar da ta kai ƙara aka bincika aka rasa, sannan idda wata 4 da kwana 10, in ya bar abin da za a ciyar da ita. In bai bari ba, ta hanyar rashin ciyarwa ake raba auren, ba sai an jira shekarun ba. A kowace irin wannan ƙara ana tambayar ina ya nufa. Ka tara amsoshin ka samu taswirar tafiye-tafiye: haƙar kuza a Jos, musamman aikin tilas na 1942 zuwa 1944, cin rani, soja, da hajjin ƙafa ta Sudan.

Littafin gado shi ne mafi daɗi, don kotu na karɓar ushira, kashi 10 cikin 100, saboda haka sai an ƙirga komai an yi masa kuɗi: riga, rawani, tasa, tabarma, jaki, damin dawa, littafi. Ka yi jadawali mai gidan shekara, unguwa, namiji ko mace, sana'a, kowane kaya da kuɗinsa, bashin da ake binsa da wanda yake bi. In za ka faɗi dukiyar mutumin gari, kar ka tara ka raba, attajiri ɗaya zai ɗaga kowa. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. Ka kuma sani wannan ushirar ce ta sa ake ɓoye kaya, zinarin mata da shanun da ke daji ba kasafai suke shiga takarda ba, wanda bai bar komai ba kuma ba ya cikin littafin sam.

Ɗankasuwar_Wunti:
Adda Malama ta taɓo inda ake yawan kuskure, wato kuɗi. Matani zai ce ƙarancin sadaki rubu'in dinari ko dirhami 3, mutanenmu kuwa da wuri suke ciniki. Keso ɗaya wuri 20,000 ne. Barth, Bajamushen matafiyi, ya taras a Kano a 1851 ana canjin riyal ɗin azurfa wuri 2,500, kafin ƙarshen ƙarnin darajar wuri ta faɗi ƙwarai. Saboda haka wuri 50,000 na zamanin Yakubu da na gab da zuwan Turawa ba kuɗi ɗaya ba ne. Zamanin fam kuma, fam sule 20, sule kwabo 12, dala sule 2 ce ba kuɗin Amurka ba, a 1973 fam ɗaya ya koma naira 2. Hanya mafi sauƙi, kar ka mayar da komai naira. Nemo kuɗin akuya ko saniya a littafin shekarar, ka ce sadakin ya kai akuya kaza. Mudu ma a kula: nisabin zakka sa'i 300 ne, mudun Annabi 1,200, amma mudun kasuwa kowane gari da nasa.

Ummu_Sadiya:
Ni fa abin nan bai kwanta min ba. Littattafan addini ne, malamai sun rubuta don a san halal da haram. A mayar da su wurin tonon nawa ne kuɗin akuya, ba raini a ciki?

Modibbo_Nafada:
Babu raini, 'yata. Malaman fiƙihu su da kansu suka ce mufti sai ya san al'adar gari kafin ya ba da fatawa, kuma hukuncin da aka gina kan al'ada yana sauyawa in ta sauya. Sanin zamanin da aka yi tambaya yana cikin fahimtar amsa.

In koma kan tsoron AbuHafsa, yana da wurin zama ko a littattafan Sakkwato. A Ihya'us Sunna, Shehu Usmanu ya ciro da yawa daga Madkhal na Ibnul Hajji, wanda ya rasu a Alƙahira 737 Hijira. Wani abin da za ka karanta ka ce ga bidi'ar Gobir, ta Masar ce ta ƙarni na 14. Sai ka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da aka naƙalto, abin da ya saura shi ne na Shehu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce kalmar gida a tsakiyar Larabci. A Kitabul Farƙi na Shehu za ka taras da jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa, kamuwa, da sunayensu na Hausa. Wannan ba daga Masar ya zo ba. Haka ma kwafin Risala ko Muhtasar na tsofaffin gidajen malamai, ka duba ƙananan rubutun ajami na Hausa ko Fulatanci tsakanin layuka, da babin da gefen takardarsa ya yi baƙi don yawan buɗawa.

Ɗan_Bogoro:
Ina bin ku da sha'awa, amma a tuna da iyakar wannan hanya. Ƙasar Bauchi da Gombe ba birni kaɗai ba ce. Zaar da Jarawa da Tangale da Waja suna cikin waɗannan takardu, amma a matsayin hukunci: masu amana ne ko ba masu amana ba, ana karɓar jiziya ko ana yaƙi. Ba a tambaye su ba, ba su ne suka aika tambayar ba. Wanda ya rubuta tarihin zamantakewa daga fiƙihu kaɗai, rabin mutanen ƙasar za su fito ba suna ba murya. Dole a haɗa da tarihin baka na garuruwan, da waƙoƙinsu, da kufan da ke kan duwatsu.

Malama_Jekadafari:
Haka ne Malam, kuma ko a cikin birni akwai irin wannan. Bayi na fitowa a littafin gado cikin jerin kaya, sai bayan zuwan Turawa suka fara fitowa a matsayin masu ƙara. Doka ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936, tsakanin nan kotunan alƙalai ke rubuta fansa. A nan ake faɗin ƙabilar mutum da garin da aka kamo shi. A kula da bambancin murgu da fansa: murgu kuɗin da bawa ke biya ne don a bar shi ya yi aikin kansa, bai 'yanta shi, fansa ce ke 'yantawa. Takardun Turawa na cakuɗa su. Mai bugawa kuma ya sakaya sunaye, jikokin mutanen nan suna raye a unguwannin.

Modibbo_Nafada:
Ƙari kan maganar Ɗan_Bogoro: saɓanin fiƙihu da kansa ya taɓa kafa gari. Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 kan harajin ƙasa da suke ganin bai halatta a ɗora wa Musulmi ba, suka shiga duwatsun Ningi, abin da ya biyo baya ya dami Bauchi da Kano shekaru masu yawa. Wanda bai san bambancin zakka da haraji da jiziya ba, ba zai gane me ya tashe su ba. Kan mallakar ƙasa kuma a nemi Ta'alimur Radi na Abdullahin Gwandu.

Mai_Gafaka:
Duk wannan ba ya tsayawa sai an san shekarar takarda. Ga abin da ke kayar da sababbi. Malamanmu na rubuta shekara da ramzi, wato haruffan Larabci a madadin lambobi, kuma lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A namu shinun 1,000 ne, sinun 300, sadi 60, ladi 90. A na Gabas shinun 300 ne, 1,000 kuma gainun. Shekarar rasuwar Shehu, 1232, ana rubuta ta da shinun, ra, lam, ba. Ka karanta da lissafin Gabas sai ka samu 532, ka yi asarar shekara 700 a zaune. Mayar da Hijira Miladiyya kuwa, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622: 1320 ta ba ka 1902. Kuskuren shekara ɗaya na iya shiga, sai ka duba wata.

Shekarar da ke ƙarshen littafi sau da yawa ta mai kwafi ce ba ta mawallafi ba, wani lokaci kuma mai kwafi ya kwafe har da shekarar wanda ya gabace shi. Ɗaga takardar ga haske ka ga tambarin ruwa. Hoton jinjirin wata uku a jere takardar Italiya ce da ke zuwa ta hamada, amma an daɗe ana yinta, kuma takarda na iya shekaru a ajiye kafin a yi rubutu, saboda haka tana cewa ba a riga lokaci kaza ba ne kawai. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi. Kafin ka taɓa jerin, ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya yadda ka same ta, sannan ka bi kalmar da ke ƙasan shafi wadda ke buɗe na gaba. Ƙananan takardun da aka cusa a tsakiya kar ka cire su, wasiƙar alƙali da lissafin gado da takardar bashi a nan suke ɓuya. Kar a sa salatif a wurin da ya yage, kar a liƙe da roba mai zafi.

Na'ibin_Kumo:
Ba wanda ya ambaci Juma'a, kuma ita ce ma'aunin girman gari. A Malikiyya sai gari na zaman dindindin, da ginannen masallaci, da mutum 12 ban da liman da za su tsaya har sallama. Tana wajaba kan wanda ke cikin farsahi ɗaya, mil 3, kilomita 5 da ɗoriya. In masallatai sun yi biyu a gari, asali Juma'a ta tsohon ce, sai da larura kamar ƙunci. Shi ya sa tsofaffin biranenmu suka daɗe da masallacin Juma'a ɗaya a ƙofar fada. Ka jera shekarar da aka ba kowane sabon masallaci izini a Bauchi ko Gombe, da hujjar da aka kawo, za ka ga inda gari ya miƙe da kuma lokacin da saɓanin ƙungiyoyi ya shigo. Ƙauyen da aka fara Juma'a a cikinsa kuma, ranar ya tashi daga ruga ko tunga ya zama gari a idon shari'a.

Ɗan_Jahun:
Allah ya saka da alheri. In na fahimta, wanda zai ɗauki unguwa ɗaya, a ce Jahun ko Nassarawa, zai fara da rajista, ya auna lungu, ya zauna da dattawa. To Gombe fa? Wannan hanyar za ta yi aiki a can kamar Bauchi?

AbuHafsa_Bolari:
A nan ma ina da ja. Gomben yau a 1919 aka dawo da hedikwata cikinta daga Nafada, bayan an bar Gombe Abba a 1913. Gari ne da ya girma a ƙarƙashin Di'o da safiyo, jirgin ƙasa da cinikin auduga suka buɗe shi. Faɗin titin Jekadafari ba Halilu ya yanka shi ba. Aure da gado na Malama, na yarda za su yi aiki. Gini kam har yanzu ina jiran shari'ar tagar nan.

Barista_Herwagana:
Mai neman ta ya fara da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a fayilolin Lardin Bauchi, Gombe na ciki. Na Katagum kafin 1926 a nema a ƙarƙashin Kano, na Jos kafin shekarar a ƙarƙashin Bauchi. Rahoton Razdan kan kotuna yawanci adadi ne kawai, aure kaza, bashi kaza. Cikakken bayani sai a littafin kotun kansa, a tambayi fada da tsofaffin kotuna da gidajen da suka gāji alƙalanci. A nemi shari'ar taga a ƙarƙashin cuta ko maƙwabtaka, magatakarda ba ya buɗe babin gini.

Maginin_Kobi:
AbuHafsa, titin safiyo ba shi za a auna ba, bayansa za a shiga. Safiyo ya yanka fuloti, amma bayan gado biyu fulotin ya zama gida huɗu, kuma lungun da aka fitar wa na ciki da indararon da aka juya, masu rabon gado ne suka tsara su. A unguwannin Bolari da Herwagana na Gombe irin wannan ya fi yawa. A auna fulotin asali daga taswirar ofishin filaye, a auna abin da ke ƙasa yau, a nemi takardar rabon. Gombe Abba kuma a je da rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin gindin tsohuwar katanga ke fitowa.